Kaset ɗin da Bai Isa Damagaram Ba

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai tattara ya koma. Surukina, mahaifin maiɗakina, ya rasu ranar Talata bayan la'asar a gidansa na unguwar Bani Malik. Shekarunsa saba'in da 'yan kai, talatin da bakwai daga ciki a Jidda ya yi su. Baba nake ce masa yana raye, kuma Baban zan ci gaba da cewa a nan.

Kwana uku muka yi zaman makoki irin na garin nan, an jera kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa daga magariba zuwa isha. Ban zaci za a cika haka ba, don shagonsa ya shekara biyu a rufe. Tsofaffin mata suka yi hayar mota guda daga unguwar Sa'alaba, suka shige cikin gida suna kuka. Maiɗakina ta ce ɗaya daga cikinsu ta riƙe ta tana cewa, "Ta hannun ubanki muryata ta riƙa zuwa Abeche ta Chadi har uwata ta mutu." Wani bakanike ɗan Filifin, kansa fari fat, ya zo ya tsaya gabanmu bai san abin da ake faɗa a wurin ta'aziyya ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya saki, ya kaɗa yatsunsa a iska kamar mai kiɗa jita, ya juya ya tafi. Limamin masallacin unguwa kuwa cewa ya yi, "Allah ya yafe masa kiɗan, ya bar masa zumuncin." Aka ce amin, wasu suna danne dariya.

Ana cikin haka muryar Inna, surukata, ta fito ta taga. Tana gaya wa mata ne, amma mu ma mun ji. "Waƙarsa ta ƙarshe babu gidan da ba ta shiga ba a Nijar. Mijin 'yarsa ne ya yi ta aika masa, shekara biyar bai gaji ba." Sai dattawa suka juyo kaina suna sa mini albarka. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar surukuta ce.

Ƙarya ce. Ban da 'yan ƙalilan na farko, ko kaset ɗaya bai bar Jidda ba. Suna nan cikin wata matacciyar firiza a bayan siton da nake aiki a tashar jiragen ruwa, kwali biyar cif. Ina rubuta wannan da boko ne saboda a gidan nan babu mai karanta Hausar boko sai ni. Ina so a san wane ne Baba, kuma ina so a san abin da na yi masa.

A Damagaram, tun kafin a haife ni, su biyar ne samari masu wando mai faɗin ƙafa da suma buya-buya. Sun ɗauko kiɗan rok na Turawa, jita mai lantarki da ganguna, suka zuba masa Hausa. Baba ne mai babbar jita. Suna yi wa ma'aikata wasa ranar Asabar, malamai suna tsine musu ranar Juma'a. A shekarar saba'in da biyar ya rako mahaifiyarsa aikin Hajji ta Sudan, suka sauka a wannan tashar da nake aiki a cikinta yau. Ya bar wa mai gangarsu ajiyar jitarsa, ya ce wata uku zai yi. Tsohuwar ta rasu bayan saukowa daga Arfa, aka binne ta a Makka, shi kuma ya ce ba zai tafi ya bar ta ita kaɗai ba. Daga baya aure ya zo, 'ya'ya suka zo, takardunsa kuma ba su taɓa miƙewa ba. In ya fita ƙasar nan, ya fita ke nan.

Shagon rediyo ya buɗe da sunan wani kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo. A zamanin, alhajin da ya koma gida ba da rediyo mai cin kaset ba, kamar bai je ba. To ga dabarar Baba. In alhaji ya nuna rediyo ya tambayi kuɗi, ba ya faɗa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ji tukuna." Ya zaro kaset ɗin ƙungiyarsu ya zura, ya danna. In ciniki ya faɗa, sai ya bar kaset ɗin a ciki, ya rufe, ya mayar da rediyon kwali ya ɗaure da igiya. Alhaji ya isa gida, dangi sun taru ana kallon tsaraba, ya danna maɓalli don a ga abin da ya sayo, sai jitar Baba ta tashi a tsakar gida. Ta haka 'yan Damagaram biyar da ba su da mai yi musu talla suka shiga Agadas, suka shiga Maraɗi, suka shiga Kano. Duk sabon kaset da abokansa suka yi bayan tafiyarsa, sai sun aiko masa, ya kwafa, ya bi da shi ta cikin rediyon alhazai. Shekara ashirin yana yi musu wannan aiki daga nesa.

"Ji tukuna" ta zama sunansa a unguwa. Ko tuwo Inna ta ajiye ta ce gishiri ya yi kaɗan, sai ya ce a ji tukuna. A gaban shagon karatun Alƙur'ani ne da wa'azi. Bayan labule kuma ga waƙoƙin gida, ga na Turawan nan masu dogon gashi, waɗanda ma'aikatan jirgin ruwa da 'yan Filifin ke zuwa nema. Ya san su kaf, ya san wanda ya iya da wanda ihu kawai yake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ba ya ciniki. Ranar masu wasiƙa ce. Matan da suka zo Umara suka zauna, masu aikatau da masu sayar da ƙosai a lungu, ba su iya rubutu ba, sai su zo su faɗi saƙonsu a kaset a ba mai tafiya gida. Baba zai zaunar da mace gaban rikoda, ya danna mata, ya fita waje ya tsaya cikin rana don kada ya ji sirrinta. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Ni ma ta nan na san shi. Na zo Umara na maƙale, ina dako ba iƙama, wato takardar izinin zama, na je in yi wa mahaifiyata magana. Na ce "Salamu alaikum, Iya," sai kuka ya ƙwace mini, har kaset ya kai ƙarshe ban ƙara kalma ba. Da ya dawo ya ga idona, bai tambaye ni komai ba. Ya juya kaset ɗin, ya ce, "Wannan ɓarin ta ji ɗanta yana kewarta. Yanzu yi mata na lafiya." Bayan shekara uku ya ba ni 'yarsa.

Abin ya fara lalacewa ne a hankali. Alhazai suka koma sayen waya. Rediyoyi suka zauna a kanta har kwalayensu suka koɗe. Tsofaffin Turawan nan ma ba su daina fitar da sabon aiki ba, dillali yana kawo wa Baba da manyan hotunansu, fuska duk ta yamutse amma ga rigar fata. Baba ya manna hoton a bayan labule, ya saurari sabon kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ya ce wallahi sun fi da iyawa. Bakaniken nan ɗan Filifin zai zo, Baba ya ce masa ji tukuna, ya ji rabin waƙa don kara, sannan ya ce a ba shi tsohon, wanda suka yi suna samari. Daga baya ko tsohon ba ya saya, sai ya nuna wayarsa ya ce duk suna ciki. Ran nan na iske Baba yana cire wani hoto daga bango yana huci. Ya ce, "Mutum ya shekara arba'in yana koyon abu. Sai da ya iya, sannan aka daina saurarensa." Na ɗauka Turawan yake tausaya wa.

Wata shekara sai ga mai gangarsu da mawaƙinsu sun zo Umara. Su uku suka rage a cikin biyar ɗin. Mai ganga ya shigo shagon rungume da wani abu naɗe cikin bargo, ya ajiye a kan kanta ya ce, "Ga ajiyarka. Wata ukun naka ya cika?" Baba ya buɗe ya ga jitarsa. Bai yi kuka ba, zagi ya yi. Ya ce dubi yadda aka bar tsirkiya ta yi tsatsa, daman tun suna yara mai ganga ba ya riƙe amana. Mai ganga ya ce ɓarawon zaman Makka ma yana da bakin magana? Suka yi ta yi har Inna ta aiko da abinci.

Kwana tara suka yi suna ɗaukar sababbin waƙoƙi a ƙuryar shagon, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke rufe. Aka rataya barguna a bango don kada ƙara ta fita. Aka kashe na'urar sanyi saboda gurnaninta yana shiga rikoda. Ɗan Filifin ya aro musu ganguna. Ka ga tsofaffi uku, biyu da sabon askin Umara ƙwal, gumi yana zuba har ƙasa, suna faɗa a kan wanda ya riga wani shiga. Waƙa takwas suka yi. Akwai ɗaya a kan uwar da aka binne nesa da gida, wadda jitar Baba ke tafiya ita kaɗai kafin murya ta shigo. Ni ba masanin kiɗa ba ne, amma na ji tsofaffin nasu na ji wannan, kuma wannan ya fi. Ina faɗa ne tsakanina da Allah.

A nan ya yi kuskuren da babu mai yin sa sai shi. Ya ce a kaset zai fitar. Maiɗakina, wadda a Jidda aka haife ta kuma ba ta tauna masa magana, ta ce, "Ya Baba, halas, an gama, zamanin kaset ya wuce! Wallah ko a gidan nan wa ke da rikoda ban da kai? A sa a faifan sidi, ko a zuba wa mutane a waya."

Ya ce, "A waya? In yi kwana tara ina gumi, yaro ya tura wa yaro a tsaye a bakin titi, ya goge gobe?"

"Ai gara a ji a goge da a ƙi ji sam."

"Ke da aka haifa jiya za ki koya mini yadda waƙa ke zuwa gida?"

Ta tashi ta ɗauki abayarta ta ce mini yalla mu tafi. Wata guda ba ta taka gidan ba. Shi kuwa ya bi shagunan da ke rufewa ya kwashe ragowar kaset ɗinsu marasa komai, ya zauna gaban injin kwafi har ya cika kwali shida. Ya sa aka buga hotonsu su uku a bangon kaset ɗin, kowa da farar jallabiya, shi yana rungume da jita.

Da aikin Hajji ya zo ya yi talla iya ƙarfinsa. Ya manna hoto a ƙofar masaukan alhazan Nijar. Ya fito da lasifika bakin shago. Alhazai masu furfura suna tsayawa su ce, "Allah sarki, ashe suna nan da rai?" Sai su tambayi wata tsohuwar waƙa da aka yi rawarta a bikinsu, su yi murmushi, su wuce shagon waya. Babu rediyon da zai ɓoye kaset a ciki, don babu mai sayen rediyo.

Sai ya tuna da ni. Lokacin na samu iƙama, ina aiki da wani kamfani mai tura kayan alhazai ta jirgin ruwa. Ya kira ni bayan sallar la'asar, na durƙusa daga bakin ƙofa yadda na saba. Ya ce, "Kai ne rediyona yanzu. Duk ƙunshin da ya bi ta hannunka, ka cusa ɗaya a ciki. Kyauta. In sun isa gida za su ji." Na ce to.

Na fara kuwa. Kwana huɗu ina cusawa, a rana ta biyar wani alhaji ya kwance buhunsa a kan sikeli zai ƙara darduma, sai ga tsofaffi uku da jita a tsakanin dabino da carbi. Kai, ranar na ga tashin hankali! Ya ce ya zo ya wanke zunubinsa an cusa masa kiɗa a kaya, wa ya san abin da ake cusa wa wasu? Kafilina ya kira ni ofis, bai ɗaga murya ba. Ya ce in aka sake samun ko allura a kayan mutum wadda ba shi ya sa ba, iƙamata ta tafi, ni ma in bi ta. 'Ya'yana huɗu a lokacin.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in je in gaya wa Baba. Amma ta yaya? Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba ko a bayan idonsa. Mutumin da ya ba ni 'yarsa ina dako. In buɗe baki in ce masa a'a? 'Yarsa tana iyawa, ita 'yarsa ce. Ni suruki ne, abin da aka koya mini shi ne to. Na ɗauki kwalin na kai bayan sito, na buɗe wata firiza da ta mutu tun kafin in fara aiki a wurin, na saka, na rufe. Na ce wa raina sai na samu dabara, kuma ban taɓa samu ba.

Da kaya suka tashi ya tambaye ni, "Sun tafi?"

Na ce, "Sun tafi, Baba."

Ya lissafa kwanakin jirgi da na mota, ya ƙara sati biyu, sannan ya buga wa mai ganga waya. Ina zaune a kan tabarma ina ji. Mai ganga ya ce bai ji ana sa su a ko'ina ba. Baba ya ce a ƙara haƙuri. Shekara ta zagayo, ya ba ni kwali na biyu, na ce to, na kai firiza. Ya sake bugawa. Mai ganga ya ce ya zagaya tasha, ya zagaya kasuwa, ya tambayi alhazan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ga kaset a kayansa.

Baba ya miƙe tsaye. "Kai dai kurma ne tun muna yara! Kwali biyu na aiko ta hannun ɗana, ka ce babu wanda ya gani? Ko don jitata ta danne gangarka shi ya sa kake baƙin ciki?"

Na ji muryar tsohon daga cikin wayar, ƙarama. "Ni nake maka baƙin ciki? Ni da na yi shekara talatin ina goge maka jita?"

Baba ya kashe wayar. Wannan ba irin zagin da suka saba ba ne, kowa a ɗakin ya gane. Ba su ƙara magana ba. Da damina ta faɗi a can, mawaƙinsu ya bugo ya ce mai ganga ya rasu. Baba ya kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. A rana ta uku ya ɗauko jitar, ya sassauta tsirkiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ta cikin bargon da ta zo a ciki, ya ɗora a kan kabad. Ina wurin, ina kallo. Ni na raba shi da abokinsa. Babu wata hanyar faɗarsa, kuma babu ranar da ba na jin abin a ƙirjina.

Bayan haka shagon ya mutu, mai ginin ya ba wani mai sayar da waya. Baba ya koma zaman gida, amma duk Hajji sai ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado ya tura mini da ƙafa. Ya daina buga waya yana tambaya. Ni kaɗai yake tambaya, ni kuma amsata ba ta sauya ba. A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, ya ce in matso, abin da bai taɓa cewa ba. Ya ce, "Ban damu a saya ba. Ko mutum ɗaya ne ya danna a tsakar gidansa a Damagaram, ya ishe ni." Na ce in sha Allahu an danna, Baba. Ya lumshe ido yana murmushi.

Bayan an tashi daga makoki na buga wa mawaƙin, wanda shi kaɗai ya rage. Na yi masa gaisuwa, sannan na faɗa masa komai, don shi ba surukina ba ne. Na ce zan turo kwalayen da sunana, a kan ƙa'ida, ya raba wa mutane. Ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Nawa kaset ɗin ma rediyo ya cinye shi tun bara waccan, rediyon kuma ya bi shi. Jikokina ba su san ta inda ake zura kaset ba. In ka turo, ƙarƙashin gadona za su zauna. Wa zai ji?" Na so wannan magana ta wanke ni, ba ta wanke ni ba. Ko da babu mai ji, da mai ganga ya ga kaset ɗaya a hannun alhaji ɗaya, da sun rabu lafiya.

Na je bayan sito na buɗe firizar. Zafin Jidda na shekara biyar ya gama aikinsa. Akwai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya a wurinmu mai cin kaset, na gwada huɗu a ciki. Uku sun manne ba sa juyawa. Na huɗun ya tashi, jitar Baba tana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, kafin murya ta shigo zaren ya tsinke.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mahaifiyar da ya ƙi bari ita kaɗai. Allah ya sa shi da abokinsa sun shirya a inda babu mai shiga tsakaninsu. Allah ya saka masa da tsayuwar da ya yi cikin rana don matan da ba su da kowa. Ni kuma, wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara.

Ranar da ya cika kwana arba'in na je gaishe da Inna. Tana cikin takaba, daga bayan labule take magana. Muka gaisa, ta sa mini albarka, na yunƙura zan tashi ta ce in dakata. Na ji tana jan wani abu a ƙasa tana nishi. Sai ga kwali na shida ya leƙo ta ƙarƙashin labulen, ɗaure da igiya irin ɗaurin Baba.

Ta ce, "Shi ke nan ya rage. Alhazai sun kusa fara zuwa. Ka kai masa wannan ma, kamar yadda ka saba."

Na durƙusa na ɗauka. Na ce, "To, Inna."